Kwantum ba laya ba ce

A ƙarshen daminar bara goggonmu ta dawo daga unguwa da tulin takardu a cikin jakarta. An yi mata "gwajin kwamfuta" a wani shago. Ta ce ɗan sandan ƙarfe aka ba ta ta damƙe a tafin hannu kamar na minti ɗaya, wayarsa na haɗe da wata ƙaramar na'ura, na'urar kuma na haɗe da laftof. Ba a ɗibi jininta ba, ba a karɓi fitsarinta ba, amma takardun sun ba da labarin hantarta da ƙodarta da ƙashinta da idanunta. Mai shagon ya ce mata hawan jinin da asibiti ke ta fama da shi reshe ne, saiwar tana hanta. Ta ajiye ƙwayoyin asibiti, ta sayi nasa. Mako uku bayan nan jiri ya kayar da ita a tsakar gida.

Mun je shagon. Muka ce, Malam, ta yaya wannan na'ura take ganin hanta ta tafin hannu? Ya dube mu kamar mun tambaye shi dalilin da ya sa rana take fitowa daga gabas, ya ce, "Ai kwantum ce." Muka roƙe shi a sake gwaji, ya yarda. Manhajar ta nemi suna da shekaru da tsawo da nauyi, muka ba ta na goggo. Da aka zo riƙe sanda, sai muka naɗe shi da jiƙaƙƙen hankici muka ajiye a kan tebur. Cikin minti ɗaya sakamako ya fito. Hankicinmu yana da kitse a jini, kuma ƙashinsa ya fara rauni.

Mu sana'armu rubuta manhaja ce, mun kuma san shirin da zai karɓi shekarun mutum ya jefo lambobi masu kama da na likita ba zai ci wa ɗalibin shekarar farko kwana biyu ba. Wannan bai ba mu mamaki ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne kalmar da aka rufe bakinmu da ita. An mayar da kwantum laya: ba a buɗewa, ba a karantawa, ratayawa kawai ake yi. Ana liƙa ta a jikin sarƙar wuya da kwalbar ruwa da manhajar zuba jari. Muna da ja a kan wannan, kuma ba da mai shago kaɗai muke ja ba. Har da 'yan bokon da suke ba shi mafaka, har da mu kanmu 'yan fasaha.

Kafin a kama ɓarawo sai an san kayan da aka sace. Fagen da ya fi kowane fito da baƙon halin kwantum fili shi ne nazarin haske. A 1905 Albert Einstein ya kawo hujjar cewa haske yana zuwa ne a ƙwaya-ƙwaya, wannan aiki kuma shi ya ba shi kyautar Nobel ta 1921. A 1926 aka raɗa wa ƙwayar suna foton. Ƙanƙantarta ta wuce misali: 'yar fitilar lezar nan ja da ake nuna rubutu da ita a allo tana fitar da foton kusan tiriliyan dubu uku a daƙiƙa ɗaya. Aikin masu wannan fage shi ne su ware ƙwaya ɗaya tak daga irin wannan ambaliya, su tambaye ta, ta amsa.

Tambayar da aka fi yi mata ita ce ta wace fuska take kaɗawa, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Kuna iya ganin wannan da idonku. Ku samu tabarau irin na direbobi mai kashe ƙyalli, ku riƙe shi a gaban allon laftof, ku juya shi a hankali. Akwai inda allon zai yi baƙi ƙirin, domin tabarau ɗin matata ne da ke barin fuska ɗaya ta wuce. To idan foton ɗaya ya zo a karkace ya tarar da matata a tsaye, ba ya rabuwa biyu. Ko ya wuce gaba ɗaya ko ya tsaya gaba ɗaya, rabi da rabi kamar jefa kwabo, kuma babu lissafin da zai faɗi wanne zai faru kafin ya faru. Idan ya wuce, ya zama na tsaye, karkatarsa ta farko ta tafi har abada. Awo yana canza abin da aka auna. A 1982 William Wootters da Wojciech Zurek, da kuma Dennis Dieks a nasa ɓangaren, suka nuna da lissafi cewa ba za a iya kwafar foton da ba a san halinsa ba. Ga wanda rayuwarsa kwafa da liƙawa ce kamar mu, wannan doka ce mai girgiza tunani.

Sai sarƙewa, wadda ita ce jarin 'yan damfara. Idan aka haska leza cikin wani irin kiristal, lokaci-lokaci foton ɗaya yana rikiɗa ya zama biyu, tagwayen kuma suna fitowa da hali guda na tarayya. A auna ɗaya a nan, a auna ɗaya a can da matata iri ɗaya, amsoshinsu za su dace ko da nisan ya kai na gari da gari. A 1935 Einstein da abokan aikinsa biyu, Boris Podolsky da Nathan Rosen, suka ce lallai akwai abin da ka'idar ta bari a baya. Ra'ayinsu kamar a ce ne an raba takalmi ƙafa biyu a jaka biyu: wanda ya buɗe tasa ya ga na dama ya san ɗayar ta hagu ce, ba don wani saƙo ya tashi ba, tun a gida aka raba su haka.

Magana ce mai hankali, kuma shekara kusan 30 ana ganin gardama ce da ba ta da alƙali. A 1964 John Bell, ɗan Ireland ta Arewa da ke aiki a cibiyar CERN, ya samo alƙalin. Ga yadda za a fahimce shi cikin wasa. A raba mutum biyu ɗaki daban-daban. A ba kowanne tambaya, 0 ko 1, bisa ƙuri'a, shi ma ya amsa da 0 ko 1. Sun ci idan amsoshinsu sun zo ɗaya, sai fa in dukansu 1 aka ba su, a nan sai amsoshin sun bambanta. Duk shirin da za su ƙulla tun a gida, ba za su wuce cin 75 cikin 100 ba. Ku gwada da takarda da biro, za ku gani. Amma lissafin kwantum ya ce idan kowannensu yana riƙe da ɗaya daga cikin sarƙaƙƙun foton, yana juya matatarsa gwargwadon tambayar da aka ba shi, za su ci kusan 85. Tsakanin 75 da 85 babu wurin zaƙin baki. Sai a auna.

Aka kuma auna. John Clauser da Stuart Freedman sun yi a Berkeley a 1972. Alain Aspect ya yi a Orsay ta Faransa a 1982, yana canza saitin awo alhali foton suna kan hanya. Ƙungiyar Anton Zeilinger ta yi a Innsbruck a 1998 da tazarar mita 400. Kowane gwaji masu shakka sun nuna masa kafar da ya bari, aka koma aka toshe, har 2015 da ƙungiyoyi uku, a Delft da Biyana da Boulder, suka toshe manyan kafofin a lokaci guda. Misalin takalmi ya faɗi. A 2022 aka ba Aspect da Clauser da Zeilinger kyautar Nobel. Ku lura da tsawon wannan tafiya: shekara 51 daga lissafin Bell zuwa gwajin da ya rufe baki. Mutanen da suka fi kowa yarda da kwantum su ne suka fi kowa ƙoƙarin kama ta da ƙarya. Mai shagonmu kuwa ko hankici bai taɓa gwadawa ba.

A nan muke juyowa kan 'yan boko. Kun sha ganinsu a Facebook da TikTok, wasu har da digiri, suna cewa kimiyya ta tabbatar da zukata suna magana daga nesa, ko tunaninka yana ƙera abin da zai same ka, tunda an ce mai kallo yana canza abin da yake kallo. Duka biyun ƙarya ce ake jingina wa kimiyyar. "Mai kallo" a wannan fage na'ura ce, ko duk wani abu da foton ya ci karo da shi. Ƙurar da ke iska ma tana yin wannan aiki, ba ta kuwa da niyya ko buri. Sarƙewa kuma ba ta kai saƙo. Wanda yake riƙe da foton na farko jerin 0 da 1 na ƙuri'a kawai yake gani, ba shi da ikon zaɓar abin da zai fito, saboda haka ba shi da abin da zai aika. Na biyun ma haka. Dacewar ba ta bayyana sai sun haɗa takardunsu, haɗawar kuma ta waya ce ko intanet, waɗanda ba sa wuce gudun haske. Har abin nan da jaridu ke kira "ɓacewa a bayyana a wani wuri", wanda aka fara gwadawa da foton a 1997, halin foton ne yake komawa kan wani foton, kuma ba ya kammala sai an aika ɗan saƙo ta hanyar da aka saba. Ba a taɓa tura ko ƙwayar gero ba.

Za a ce mana, to ai masanan ma sun yarda ba su gama fahimtar kwantum ba, me ya sa ba za a bar ƙofa a buɗe ba? Akwai gaskiya a rabin maganar. Har yau ana gardama a kan ma'anar lissafin, wato mene ne ainihin abin da ke faruwa a lokacin awo. Amma ba a gardama a kan abin da lissafin yake faɗa za a gani, nan kam babu ka'idar da ta fi ta cika alkawari. Malaman nahawu suna saɓani a kan asalin wata kalma, wannan bai ba kowa damar karanta wasiƙa yadda ya ga dama ba. Jahilcin masana a kan tambaya ɗaya ba lasisi ba ne ga mai sayar da sarƙa.

Sarƙar ma a duba ta. Sarƙewa abu ne mai raunin gaske. Da zarar foton ya gogi wani abu, ta watse. Mafi kyawun na'urorin da ke kama foton ɗaya-ɗaya sai an sanyaya su zuwa wajen digiri 270 ƙasa da sifili. A Agustan 2016 ƙasar Sin ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Micius, a ƙarƙashin jagorancin Pan Jianwei, a 2017 kuma aka ba da rahoton ya raba sarƙaƙƙun foton tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,200. Tauraron yana fitar da tagwaye kusan miliyan shida a daƙiƙa, abin da yake isa ƙasa lafiya bai wuce tagwaye ɗaya a daƙiƙa ba, shi ma da dare, da manyan madubai a kan tsaunuka. Wannan ita ce wahalar da ƙasa guda ta sha da dukiyarta da masananta. Sai wani ya ce dutsen da ya rataya a zare, cikin zafi da gumi, yana sarƙe da ƙodarku. Abin bai tsaya a asarar kuɗi ba. A Disamban 2021 hukumar kula da tsaron nukiliya ta Holan ta gargaɗi jama'a su daina sa wasu kayan ado da ake tallar suna kare jiki, ciki har da sarƙa mai sunan kwantum, domin an auna an tarar su da kansu suna fitar da tururin radiyeshan mai iya cutarwa idan an daɗe ana sawa.

Abin takaicin shi ne kwantum ta gaskiya tana hannun goggo tun tuni, ba wanda ya rubuta mata suna a jiki. Transistocin da ke cikin wayarta da fitilar wayar da kyamararta duk da wannan ka'ida aka ƙera su. Ɗan maƙalen nan da nas take sa wa a yatsa yana haska haske kala biyu, ja da wanda ido ba ya gani, yana auna yawan da jini ya shanye, daga nan ya faɗi iskar da ke jini da bugun zuciya. Abu biyu kacal yake faɗa, yana kuma iya bayanin yadda ya san su. Na'urar gaskiya kenan: ƙaramin alkawari, buɗaɗɗiyar hanya. Wadda ta ce ta san komai daga tafin hannu, ba ta san komai ba.

Yanzu sai mu, 'yan fasaha, don ba za mu yi wa wasu wanka mu bar namu jikin da datti ba. A tarukanmu muna tashi mu ce kwamfutar kwantum za ta fasa duk bankunan duniya gobe, ko mu ce an ƙirƙiro sadarwar da ba mai iya kutsawa har abada. Muna faɗa ne don a tafa mana, amma irin wannan zuzutawa ita ce takin da damfara ke tsirowa a kai. Wanda ya ji injiniya yana cewa kwantum tana iya komai, me zai hana shi yarda da bidiyon bogi na wani attajiri da ke cewa manhajar kwantum za ta ninka masa kuɗi cikin mako?

Ga abin da yake tabbas. A 1984 Charles Bennett da Gilles Brassard suka gabatar da wata dabara a wani taro a Bangalore ta Indiya, wadda ake kira BB84. Mai aikawa yana tura foton ɗaya-ɗaya, kowanne da fuskar da ya zaɓa bisa ƙuri'a, mai karɓa yana aunawa, daga baya su ware waɗanda saitinsu ya dace su zama mabuɗin sirri. Mai laɓe ba ya iya kwafa, in kuma ya auna ya ɓata. Idan ya tare kowane foton ya auna ya sake turawa, kusan kashi 25 cikin 100 na mabuɗin zai fito da kuskure, asirinsa ya tonu. Dabara ce mai kyan gaske. Gwajinta na farko a 1989 tazararsa ba ta fi kamu ɗaya ba, wajen santimita 30.

Amma tana da iyaka, iyakar kuma ita muke ɓoyewa. A cikin zaren gilashin da ke ɗauke da intanet, rabin hasken yana ɓacewa a duk kilomita 15. Bayan kilomita 100 saura ɗaya cikin ɗari. Intanet ta yau tana magance wannan da na'urorin ƙara ƙarfi a hanya, amma ƙara ƙarfi kwafa ce, kwafa kuwa an hana. Shi ya sa dogayen layuka suke dogara da tashoshin tsakiya waɗanda dole a amince da masu gadinsu. Sannan lissafi ba shi da kafa, amma na'ura tana da ita: a 2010 masu bincike a Norway, ciki har da Vadim Makarov, suka makantar da na'urorin kama foton na kasuwa da haske mai ƙarfi, suka nuna ana iya sace mabuɗin ba tare da an ankara ba. Hukumomin tsaron sadarwa na Amurka da Birtaniya duk sun fito sun ce ba wannan hanya suke ba da shawarar a dogara da ita ba.

Barazanar kwamfutar kwantum ma gaskiya ce, amma da sharaɗi. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantum za ta iya warware lissafin da makullai irin su RSA suka dogara a kai. Irin wannan babbar ba a gina ta ba tukuna. Na'urar Jiuzhang da aka gina da haske a Hefei, wadda ta kama foton har 76 a 2020, aiki ɗaya tak aka ƙera ta ta yi, ba ta buɗe asusun kowa. Dalilin damuwa shi ne mai haƙuri zai iya tara saƙonnin yau a kulle ya jira ranar da zai buɗe. Maganin kuma ya riga ya fito, ba ya buƙatar foton ko ɗaya: a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle saƙo guda uku da aka gina a kan wani lissafin daban, Signal da iMessage ma sun riga sun fara sauya nasu. Aiki ne na zama a canza tsofaffin layukan manhaja, aikin da ba a tafa wa kowa a kansa. Shi ne namu. Kuma ko an shimfiɗa zaren kwantum daga Legas zuwa Maiduguri, ba zai ceci wanda aka kira a waya aka ce daga banki ne ya karanto lambar da aka turo masa ba.

Wani zai ce mun tsananta, kalma ce kawai, kowa ma yana ƙawata hajarsa. Da a ce sabulu ake sayarwa da mun yi shiru. Amma kalmar nan an zaɓe ta ne don ta kashe tambaya. Tana gaya wa mai saye cewa abin ya fi ƙarfin kansa, ya miƙa wuya kawai. A wurin da ganin likita yake cin yini guda a layi da kuɗin mota, mai fara'ar da zai ba ka amsa cikin minti ɗaya yana da kasuwa, ba ma zargin goggo da ta je. Muna zargin waɗanda suka san gaskiya suka bar fagen. Kusan duk bayanin wannan ilimi yana cikin Turanci, ƙaryar kuwa da Hausa ake tallarta, a cikin mota da lasifika. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum. Mu tambayi kanmu shafi nawa muka rubuta wa mutanenmu a kai.

Ba kuma baƙon abu muke nema ba. Shekara dubu da suka wuce, Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira, ya rubuta Kitab al-Manazir. Manyan magabata irin su Batlamus sun ce ido ne yake fitar da haske ya taɓo abin da yake gani. Bai tsaya a girman sunansu ba, ya shiga ɗaki mai duhu ya huda ƙaramar kafa ya gwada, ya nuna haske ne yake shigowa ido. Hanyar da Clauser da Aspect suka bi kenan, ita ce kuma hanyar jiƙaƙƙen hankici.

Saboda haka duk wanda ya ce muku kayansa kwantum ne, ku yi masa tambaya uku cikin ladabi. Me na'urar take aunawa, da wane ma'auni? Idan aka gwada mutum ɗaya sau biyu a jere da suna daban da shekaru daban, amsa ɗaya za ta bayar? Wane sakamako ne in ya fito zai yarda kayansa ba ya aiki? Mai gaskiya zai ji daɗin tambayoyin, don su ne abincinsa na kullum. Mai laya zai ce ba za ku gane ba.

Goggo ta koma kan ƙwayoyinta. Mun saya mata na'urar awon jini ta ɗaurawa a dantse, tana aunawa safe da yamma tana rubutawa a bayan takardun nan na shago, don ta ce ba za a yi asarar takarda ba. Shagon yana nan a buɗe, jiya ma mun ga layi a ƙofarsa.